Silin Gidan Vernice

Guguwar ta wuce ranar Lahadi, amma ban samu hanyar shiga unguwar Vernice Guidry ba sai ranar Laraba, saboda itatuwan da suka tare titi ta ɓangarenmu. Shekara arba'in da ɗaya ina dattijo a majami'armu ta kudancin jihar Louisiana a Amurka, ina koyar da nassi. Al'adarmu tun zamanin iyaye ita ce, in ruwa ya shiga gidan wani ba a jira ya roƙa: a zo da guduma da baro, a ɓamɓare duk abin da ya jiƙe kafin ya yi funfuna. Vernice ta rasa mijinta shekara biyu kafin nan. Saboda haka, da wasu 'yan'uwa daga wata majami'a a Texas suka bugo mini waya suna neman inda za su taimaka, gidanta na tura su.

Ko da na iso, sun sauke silin, sun fasa bangon ciki, sun tara komai a bakin titi, har sun yi gaba. Ba wanda ya rubuta sunayensu. Na yi addu'ar godiya, na ɗauki tsintsiya. Vernice tana dafa shinkafa da jan wake a farfajiya.

"Dattijo, ajiye tsintsiyar nan kafin a kwashe ka tare da shara," in ji ta.

"Ai na fi sharar nauyi, 'yar'uwa."

"Da ƙyar."

Ranar Juma'a motar shara ta kwashe tarin. Ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Bayan mako uku mai duba ɓarna na kamfanin inshora ya zo, wani mai suna Pruitt. Ya bayyana mana cewa takardar inshorar Vernice ta shafi ɓarnar iska, da ta ruwan sama da ya zubo ta inda iska ta yaye rufi, amma ba ta shafi ambaliya ba. Ambaliya kuwa ta shiga unguwar.

"Ina silin ɗin, Uwargida?" ya tambaya.

"Yana juji."

"Da na gan shi, da na san ko daga sama ruwan ya zo ko daga ƙasa. Wa ya ce a cire?"

"Masu ƙaunata," in ji ta, ba ta dube ni ba.

Kamfanin ya yarda da gyaran rufi kaɗai, ya ce ɓarnar cikin gidan ta ambaliya ce. Vernice ba ta da ƙarfin gina cikin da kanta. Ta koma ɗakin 'yarta a wani gari, ta kai kuka ofishin jiha mai kula da inshora, aka sa ranar zaman sulhu.

Ana gobe zaman ta zo mini da takardar rantsuwa. An rubuta cewa na ga silin ya rufto saboda ruwan sama, kuma ambaliya ba ta wuce idon sawu ba.

"Sa hannu kawai, Dattijo. Gaskiya ce. Ni na gani."

"Na yarda gaskiya ce."

"To?"

"Ban gani ba, 'yar'uwa. Ranar Laraba na zo."

"Kai ka turo su."

"Ni na turo su."

Ta jira. Na dubi takardar na daɗe, ina neman ko da ƙofa ɗaya a cikin abin da na karanta na kuma koyar tsawon rayuwata, wadda za ta halatta mini in kira sunan Ubangiji a kan abin da idona bai gani ba. Ban samu ba. Ban ji baƙin ciki ba a lokacin, ban ji komai ba. Ta naɗe takardar ta sa a jaka.

Washegari na raka ta. Mai sulhun mace ce mai haƙuri, ta ba ni dama in yi magana. Na faɗi ranar da na zo, da abin da na tarar: gida wayam, tari a bakin titi, rufi a yaye. Na ce ban taɓa jin Vernice ta yi ƙarya ba. Pruitt ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ce shi ma bai ce ta yi ba.

Mai sulhun ta gaya wa Vernice cewa ba dole ne ta amince ba, doka ta ba ta ikon zuwa kotu.

"Da wace shaida?" in ji Vernice.

Ta jawo takardar kamfanin, ta sa hannu a kan gyaran rufi kaɗai, a hankali, da cikakken sunanta. Sannan ta mayar wa mai sulhun alƙalaminta.

"Malama, tunda kin san dokokin nan, gida marar bango a ciki, ana iya sayar da shi haka?"

"Ana iya, in kin faɗa wa mai saye."

"Zan faɗa," in ji ta.