Abin da Ba a Rubuta a Kati Ba

Shekara goma sha tara Iya ta yi tana goge daɓen asibitin mata na unguwarsu, saboda haka ta san bakin ma'aikatansa ciki da bai. Katin mara lafiya ba ya isa teburin likita sai ya bi ta hannun mai kati, wata doguwa da ake kira Rediyo don magana ba ta kwana a cikinta. Sau nawa aka karanta katin matar wani a gaban Iya ana sheƙa dariya, ita tana sunkuye kan bokiti kamar ba mutum ba.

To, a nan autarta take awo. Cikin ya shiga wata tara, Auta ta same ta a ɗakin ajiye tsintsiya, ta tura ƙofa, ta yi ƙasa da murya. Wasu ƙuraje ne suka feso mata a gaba, masu ruwa-ruwa, da raɗaɗi kamar an watsa barkono, ga zazzaɓi. Ba ta taɓa yin irinsu ba. Ko ta faɗa wa ungozoma?

Iya ba ta hango komai ba sai katin a hannun Rediyo, da irin kallon da za a bi ta da shi gobe.

"Kul," ta ce. "Zafin ciki ne kawai. Ki riƙa wankewa da ruwan ɗumi, ki ja bakinki ki yi shiru. A nan nake cin abinci."

Ranar awo har ɗakin ta bi ta, da sandar guga a hannu. Ungozoma ta tambayi Auta ko akwai abin da ke damunta, Iya ta yi caraf ta ce lafiyarta ƙalau.

"Iya, wai ke ce mai cikin ko ita?" in ji ungozoma. Aka yi dariya, Auta ta sunkuyar da kai, aka rubuta lafiya lau.

Ƙurajen suka bushe da kansu. Naƙuda ta zo da sauƙi, aka samu namiji, Iya ta riƙa jin ai dabararta ta yi.

Kwana tara da haihuwa yaro ya ƙi kama nono. Sai barci, jiki zau. Da Auta ta cire masa hula, ga ƙuraje uku a tsakar kai, masu ruwa-ruwa. Ta ɗago ta dubi uwarta.

A babban asibiti likitan yara ya tambaya ko mai jego ta yi wasu ƙuraje kafin ta haihu. Auta ta juya ta kalli Iya, ta saba bin umarni. Iya ce ta buɗe baki.

"Ta yi, likita. Ta gaya mini. Ni na hana ta faɗa."

Da ya yi faɗa da ta fi jin sauƙi. Bai yi ba. Ya ce cutar hapis ce, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, miji ma yana iya ba matarsa ba tare da alama a jikinsa ba. Ta fi haɗari ga jariri idan uwa ta kamu karon farko dab da haihuwa, domin a hanyar fitowa yake ɗauka. Da an sani, da an ba Auta ƙwayoyi, kuma da tiyata za a ciro shi. Yanzu gwaji ya nuna cutar ta taɓa ƙwaƙwalwar yaron.

Mako uku ana ɗura masa magani ta jijiya. Yaro ya rayu. Amma likita ya ce ba zai yi alkawarin komai ba, sai an ga zama, an ga rarrafe, an ga ko yana juyowa idan an kira shi.

Yanzu watansa takwas. Kullum Iya ta tashi aiki sai ta biya gidan Auta, ta jera matasai, ta zaunar da shi a tsakiya, ta saki hannu a hankali. Sai ya sulale gefe guda. Ta sake. Auta tana ninke kaya, tun ranar ba ta taɓa ce mata ke kika ja ba, kuma wannan shirun ne yake cin Iya.

"Auta, ki ce wani abu mana, ko zagi ne."

"Me zan ce, Iya?" Ba ta ko ɗago ba. "Tallafe masa wuyan."