Maganin Dasashi da Tukuicin Wahabu

Ni Mika'ilu maɗinkin riguna na Kwarbai, babu cutar da ta shigo birnin Zazzau tun ina yaro da ba ta biyo ta ƙofar gidanmu ta gaishe ni ba. Agana ta kama ni ina ɗan shekara bakwai, ga zanzanarta nan a goshina. Mu tara muka kwanta a layinmu, mu uku muka tashi. Sanƙarau ya murɗe mini wuya kwana goma sha ɗaya, ya gaji ya sake ni. Shekarar amai da gudawa har an aika a yanko likkafani, da yadin nan aka yi mini taguwar Sallah. Korona kuwa da ta leƙo zaure ta ga wanda ke zaune, wucewa ta yi gidan gaba.

To duk wannan, abin da ya so ya kunyata ni haƙori ne guda ɗaya.

Fiƙata ce ta dama, ta sama. Barde nake kiran haƙorin nan. Shekara sittin da shi nake yanke zare. Ban taɓa sayen almakashi ba, reza kuma ta 'yan koyo ce. Duk wata riga mai aska takwas da ta fita daga hannuna, Barde ne ya datse zarenta na ƙarshe, kuma masu riguna sun san haka. Wata ranar Talata ina cizon zaren siliki sai na ji ya motsa. Na sa yatsa na taɓa, ya sake motsawa, kamar turken da akuya ta daɗe tana ja. Na ɗauko madubin matata Sailuba na duba, sai ga dasashin ya janye ya bar saiwar a waje.

Sailuba ta ce, “Ai na daɗe ina ganin jini a asuwakinka. Na yi shiru ne, don na san cewa za ka yi asuwakin ne ke zubar da jini, ba kai ba.”

Ba a yi sati biyu ba mai unguwa ya yi sanarwa bayan La'asar, wai masu binciken haƙori daga wani asibiti a wajen ganuwa suna neman dattawa sittin masu ciwon dasashi, za a gwada sabon magani da ake fatan zai sa naman ya sake tofowa. Na ce wa aminina Wahabu ya shirya mu je. Abdulwahab sunansa, baduku ne, a zaurena yake aiki tun kafin a kawo wuta layinmu. Kwano ɗaya muke ci. Goro ɗaya muke fasawa, kuma wanda ya fasa shi ke miƙa babban ɓari, haka muka taso muka gani.

Ya ce, “Kai da ka ce asibiti na raggwaye ne?”

Na ce, “Ba jinya zan je ba. Taimaka wa ilimi zan je. Ina za su samu baki irin nawa?”

“Wallahi babu. Bakinka ya fi allurarka aiki.”

Shugabar binciken wata yarinya ce 'yar Tukur-Tukur, Dakta Radiya, mai farin gilashi da saurin magana. Da ta faɗi gidansu sai na gane kakanta, ni na ɗinka masa rigar da ya tafi Makka da ita. Daga nan ta zama jikata, ko tana so ko ba ta so. Ta kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya, ta haska mini fitila, ta ɗauko ɗan siririn ƙarfe mai zane-zane tana zura shi tsakanin haƙori da nama, tana kiran lamba wata nas tana rubutawa. Da ta zo kan Barde ta ce, “Bakwai.”

Na ce, “Madalla. Wahabu nawa ya ci?”

Ta ce, “Baba, wannan ba jarrabawa ba ce. Zurfin rami nake aunawa. Bakwai ba abin murna ba ne. Idan ya ƙara zurfi, haƙorin nan fita zai yi.”

 Sailuba ba ta yarda ba da na gaya mata, amma na yi shiru.

Aka kankare mana dattin da goro ya daskarar, kowa aka yi masa. Sannan ta zaunar da mu ta karanta mana takarda da Hausa, tunda ni boko bai gan ni ba, allo ma ban yi nisa ba. Ta ce man shafawa iri biyu ne, a bututun roba iri ɗaya, launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ɗaya na ɗauke da sabon sinadarin, ɗaya babu. Kwamfuta ce ta yi ƙuri'a, ita kanta ba ta san wa ya samu wanne ba, sai an gama za a buɗe ambulan. Ta ce wanda ya ga dama ya fita ko yaushe, ba wanda zai riƙe shi. Amma sharaɗi ne kowa ya shafa nasa kaɗai, safe da yamma, kuma wanda ya saɓa za a cire shi daga lissafi. Ni kuma ta ƙara mini nawa na musamman: kada in ƙara cizon zare. Na dangwala yatsa.

Lambata goma sha biyu, ta Wahabu arba'in da bakwai. Tun a cikin keke napep na fahimtar da shi abin da ke nan.

Na ce, “Ko a fada, na gaba-gaba su ne manya. Kana jin za su ba goma sha biyu na banza su ba arba'in da bakwai na gaske?”

Ya ce, “Ta ce ƙuri'a ce.”

“Ta faɗa ne don kada ranka ya ɓaci. Yarinya ce mai tarbiyya.”

Na fara shafawa, nan take na ji yana ratsa ni har ƙeya. Na shaida wa duk wanda ya zo zaure. Wahabu ya ce shi nasa sanyi kawai yake ji. Sati biyu ya wuce, ni jini ya ɗauke, shi kuwa in ya tofar da yawu sai ka ga ja. Rannan aka kawo mana ɗanwake, na ga yana tauna da gefe ɗaya yana runtse ido, ya ci loma huɗu ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi. Wahabu da ƙoshi a loma huɗu!

To ku gaya mini, mutumin da shekara hamsin ban ci ɓarin goro na hana shi ba, zan zauna da maganin gaske a aljihu ina kallonsa? Na ɗauko wani tsohon gwangwanin man zafi, na wanke shi tas, na matse rabin bututuna a ciki, har na ɗan ƙara, tunda ni na fasa. Na tura masa gabansa.

Ya dubi gwangwanin ya dube ni. Ya ce, “Sharaɗin fa?”

Na ce, “Sharaɗi ya ce kowa ya shafa nasa. Na ba ka, ya zama naka.”

Ya yi godiya. Amma Wahabu ɗan gidan mutunci ne, ba a yi masa kyauta ya tashi hannu rabbana. Washegari sai ga shi da 'yar jakar fata da ya ɗinka da kansa, a ciki wani gwangwani, rabin nasa maganin.

Ya ce, “Ga tukuici. Na san na banza ne, amma ba a mayarwa.”

Gaskiya ya faɗa, ba a mayarwa. Kuma abin da amini ya ba ka ba ka ajiye shi ya lalace. Sai na riƙa shafa nawa da safe, nasa da yamma. Shi ma haka.

A sati na takwas muka koma awo. Dakta Radiya ta zura ƙarfenta a gindin Barde, ta zare, ta sake zurawa.

“Biyar,” in ji ta. Ta ɗan girgiza shi da yatsa. “Baba, ka daina cizon zare da gaske ke nan?”

“Sailuba ke yanke mini da wuƙar albasa. Kada ki gaya wa kowa.”

Ta yi dariya ta ce, “Ka san bakin nan naka shaida ne? In aka buɗe ambulan aka ga sabon maganin ne a hannunka, awonka na cikin abin da za mu kai gaban hukuma mu ce yana aiki. Mutum dubu nawa za a ba shi saboda shaidarku.”

Kalmar nan ta shaida ita ta tsaya mini a rai. Sau uku a rayuwata aka kira ni shaida gaban alƙali, har da na rikicin katangar ƙanin Sailuba, kuma ban taɓa karkata harshe ba, shi ya sa har ya rasu ba ya gaishe ni da kyau. Yanzu ga bakina zai je ya yi shaida a inda ƙafata ba za ta je ba, a kan abin da shi kansa bai sani ba. In na yi shiru, ina nan cikin lissafi, ana ci gaba da duba Barde. In na yi magana, ta ce cirewa za a yi, ni kuma abin da na fahimta shi ne za a sallame ni in koma gida in jira ranar da zai faɗo cikin tuwo.

Wahabu na zaune a benci kusa da ƙofa yana jiran layinsa. Ya ga fuskata, ya gane. Ya shiga girgiza mini kai yana zare ido.

Na ce, “Jikata, ina da tambaya. In mutum biyu suka raba magani kamar yadda ake raba goro, shaidar wa za a karɓa?”

Ta tsaya da rubutu. “Wa ya raba?”

“Ni na fara. Shi tukuici kawai ya bayar.”

Wahabu ya ce, “Ni dai an ba ni ne!”

Ta sa muka faɗi komai: yaushe, nawa, wanne da safe wanne da yamma. Na zaro gwangwanin daga jakar fata na ajiye a teburinta. Ta cire gilashi, ta kifa kai a kan takardun, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, har na fara ba ta haƙuri, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Amma da ta ɗago idonta ba dariya a ciki.

Ta ce, “Baba, sati takwas na awon mutum biyu kun zubar mini. Sai na rubuta wa kwamitin da ke sa mana ido, in yi bayanin abin da ya faru, da sa hannuna. Ba ƙaramin abu ba ne.”

Na ce, “Na sani. A cire ni. Barde dai ki yi masa kallon ƙarshe.”

“Wane kallon ƙarshe? Daga lissafi na ce, ban ce daga asibiti ba. Na karanta muku wannan, kana can kana ba nas labarin agana. Duba ka zan ci gaba da yi har haƙorin nan ya tsaya ko ya ƙi.”

Sannan ta juya gwangwanin a hannu. Ta tambaye ni ko ina jin akwai wasu masu irin halinmu. Na ce mata a birnin nan? Na ce ta tambayi duk wanda ya zo da amininsa. Ta kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya, ta samu wasu 'yan'uwa biyu a Anguwar Alƙali da suka juye nasu a kofi ɗaya don kada a ce wani ya fi wani. Tun daga ranar aka ƙara layi a takardar da ake karanta wa mutane: ba a raba maganin nan da kowa, ko amini ko ɗan'uwa, ba a ba da tukuicinsa, ba a karɓa. Ku je ku tambaya. Malaman jami'a nawa suka zauna suka rubuta takardar nan, ba wanda ya hango wannan sai da Mika'ilu ya zo.

Bayan wata tara aka buɗe ambulan, aka tara mu a rumfar asibitin. Ta yi bayani cewa sabon maganin ya ɗan taimaka, ba kamar yadda suka yi fata ba, sai an sake gwadawa da mutane da yawa. Da aka watse na ja ta gefe na ce ta faɗa wa Wahabu gaskiya yanzu, ya san irin alherin da na yi masa.

Ta duba takarda. Ta ce, “Goma sha biyu, babu sinadari. Arba'in da bakwai, akwai.”

Wahabu ya zauna a ƙasa don dariya, hularsa ta faɗi. Ya ce, “Wanda ke ratsa ka har ƙeya! Na gaba-gaba a fada!”

Na ce, “Dakta, gaya masa jikina ne ya yi aikin.”

Ta ce, “Ba zan iya ba, Baba. Ko kankarewar ce, ko barin cizon zare, ko tukuicin. Kun cakuɗa shaidar, ba mai iya rabewa.” Sai ta buɗe jakarta ta miƙo mini ɗan ƙaramin almakashi da igiya a jiki. “Wannan kuma kyauta ce. Kuma don Allah kada ka kawo mini tukuici.”

Hula na ɗinka wa mijinta. Ba a hana ni abin da na gada.

Barde na nan, awonsa huɗu, ya yi ritaya da mutuncinsa, tsire kawai yake taɓawa ranar Juma'a. Almakashin na rataye a wuyana. Wahabu kuwa duk baƙon da ya shigo zaure sai ya ce in buɗe baki a ga haƙorin da ya tsayar. Ina buɗewa, don abin a gani ne. Amma ina gaya musu su lura da kyau: rabin magani kawai na shafa, da yamma kaɗai, na tashi daga bakwai zuwa huɗu. Da cikakke aka ba ni, da yanzu sabbin haƙora nake fitarwa.