Katin Aji Uku a Layin "Ana Kai"

Malam Tanimu Ƙaraye, mataimakin shugaban makarantarmu, shi ne ya fara shigar da aikin darasi cikin manhajar waya, kowane darasi da katinsa, a zango na biyu na bara. Kafin shi, tun zamanin tsohon shugabanmu, marigayi Malam Barau, littafi mai baƙin bango muka sani. Na ambaci wannan domin a fahimci abin da na gani ranar Talata, da na kishingiɗa bayan azahar, barci ya ɗauke ni.

Na tsinci kaina a harabar makaranta, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, malamai na tafiya da lema a ƙarƙashin takalmansu. An raba filin gida uku da farar ƙasa, kamar yadda yake a manhajar: "ba a fara ba", "ana kai", "an gama". Ɗalibaina na aji uku, su arba'in da ɗaya, suna zaune a layin tsakiya, an rataya musu kati guda mai girman ƙofa: Tarihin Ganuwa.

A ofis na tarar da wani bunsuru mai tabarau, shi ne Darakta.

"Malam Sadau," in ji shi, "katinka ya kwana tara a 'ana kai'. Idan aka buga ƙararrawa bai koma 'an gama' ba, za mu karɓe ajin mu ba Agwagwa."

"Ranka ya daɗe, shekara talatin da huɗu ina koyarwa, ba a taɓa karɓe mini aji ba."

"A wane gurbi na manhajar aka rubuta shekarun?"

Babu gurbinsu. Akwai dai na tsawon alli kafin darasi da bayansa, da na yawan hamma, da na nauyin darasin a mudu. Na cike su duka da kyakkyawan rubutu, domin ban saba aikin ha'inci ba. Da na tambayi inda ake rubuta ko yara sun gane, sai ya ce an cire wannan gurbin saboda yana sa manhajar nauyi.

Sai ga ni a layin "an gama". Malama Asabe, mai koyar da lissafi, tana zaune kan katuna goma sha biyu tana cin gyaɗa, ɗalibanta sun zama kore shar kamar ganyen alayyahu, launin da manhajar ke ba abin da aka gama.

"Baba Malam, ka danna 'an gama' kawai mana! Ni ko ƙofar ajin ban gani ba."

"Asabe, da na koyar da ke, haka na yi miki?"

"Lokacin ai babu kore, Baba."

Na koma wurin ɗalibaina. Na tambaye su wa ya gina ganuwa, suka ce manhaja. A nan na tabbatar ba a gama ba. Agwagwa kuwa har ta iso, da rajista a ƙarƙashin fiffike, tana gwada kujerata.

Ƙararrawa ta yi ƙara tun mai bugawa bai ɗaga hannu ba. Darakta ya zo da kansa, ya buga wa katin jan tambari, ya maimaita gargaɗinsa.

Na gyara rigata na ce, "Ranka ya daɗe, sunan wa ke gurbin mai alhakin wannan kati?"

"Naka."

"A ƙa'idarku, wa ke da ikon matsar da kati ko sauya masa mai shi?"

Ya ce littafin ƙa'idar ya cinye shi da safe, a dakata. Ya durƙusa ya yi tuƙa, muna tsaye, har shafi na bakwai ya dawo bakinsa. Ya tauna, ya lumshe ido.

"Mai alhaki kaɗai."

"An taɓa saɓa wannan?"

"Ba a taɓa ba."

"To, ba a kaina za a fara ba."

Agwagwa ta sauka daga kujerata ba ko sallama. Na ɗauki alli na fara daga ƙofar gabas, yara suna rubutu, ruwan da ke hawa sama yana ɗauke mana ƙura. Ina tsakiyar bayanin masu gina ganuwa sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.

Da na zauna na duba, abin da na samu a wannan tafiya shi ne jan tambari guda da gargaɗi biyu daga bunsuru. Abin da na riƙe kuwa: aji ɗaya, kujera ɗaya, da yara arba'in da ɗaya waɗanda har yanzu ana kai.