Zarton Mutum Ɗaya

Ruwa da iska suka kayar da wata bishiya, ta gindaye hanyar rafi daidai inda hanyar ta fi ƙunci. Mai lafiya sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake abinsa. Amma ban da Gajera. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, jan ƙafar take yi, likita kuma ya ce lallai ta riƙa tattaki kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare gaba ɗaya. Ita kuwa hanyar rafin nan kaɗai take yarda ta bi. Bakin titi? Ta ce Allah ya kiyaye ta zama abin kallo.

Abin haushin shi ne, cire itacen da ya faɗi a hanya ai sana'arsu ce, ita da mijinta Dogo, tun suna da ƙuruciya. Da dogon zarto mai ƙota biyu suke yi, shi ta nan, ita ta can. Zarton yana nan rataye a bango, an shafe shi da mai, amma mutum ɗaya ba ya iya sarrafa shi.

Tun faɗuwar bishiyar Gajera ba ta sake fita ba. Tana zaune a bakin taga, ƙafar kuma kullum ƙara nauyi take yi.

"Ka je ka sayo na mutum ɗaya mana," in ji ta. "Ko so kake in yi saiwa a kujerar nan?"

"Ke da wannan tsawon naki, ko saiwar ma ai gajeriya za ki yi."

Ta jefe shi da matashin kai, da hannun hagu, kuma ta same shi. Ya yi dariya, amma ransa a ɓace yake. Gani yake in ya sayo zarton nan, ya yarda ke nan ba za ta sake kama ƙota ba har abada. Haka dai ya sa takalmi ya fita, don ƙafarta ba za ta jira shi ya gama jimami ba.

Mai shagon kayan aiki ya fara nuna masa mai inji. Dogo ya ɗaga shi, kafaɗarsa ta ce ba ta san zancen ba, ya ajiye. Aka kawo wani mai gantsararren ƙarfe kamar baka.

"Wannan rassa za su riƙa kama shi," in ji Dogo. "Kuma a wace jaka zan sa shi?"

"To Baba, ga naka."

Wannan naɗewa yake kamar wuƙar aljihu, ba nauyi, haƙoransa manya, irin waɗanda ɗanyen itace ba ya toshewa.

"Abu ɗaya za ka kiyaye," in ji mai shagon. "Da ja yake ci. In ka danna shi da ƙarfi wajen turawa, lanƙwashewa zai yi."

Fuskar Dogo ta washe. "Ashe ɗan gida ne! Mu ma ai ba ma turawa. Ka ja, ka saki hannu, abokin aikinka ya ja."

Aka ɗaure masa guntun katako ya gwada. Ya ja, haƙoran suka shige kamar a sabulu. Sai ya sassauta hannu, ya tsaya.

"Baba, mayar da shi mana. Me kake jira?"

Kunya ta kama shi. Ya mayar, ya sake ja, ya sake tsayawa. Kai, hannun nan ya riga ya saba! Duk tsawon rayuwarsa, in ya ja, akwai mai karɓa a ɗaya gefen. Ya hau duba ƙotar kamar wanda ya ga tsaga a jikinta. Mai shagon ya naɗe masa zarton.

Da safe Gajera ta kafe sai ta bi shi. Ta dogara sanda, suna tafe suna hutawa, har suka iso gindin bishiyar. Ta jingina da gungumen tana haki, amma bakin nan bai gaji ba.

"Ba nan ba. Fara ta ƙasa kaɗan, kar ya matse maka zarto."

"Yau na zo duniya, ranki ya daɗe."

Ya sare ƙananan rassan, ya gyara tsayuwa, ya ja. Ya tsaya. Ya yi tsaki, ya mayar, ya ja, hannun ya sake tsayawa.

"Dogo, wa kake jira?"

Ya so ya mayar da abin wasa, wasan ya ƙi zuwa. "Ke nake jira," ya ce, idonsa a kan itacen. "Na kasa dainawa. Wallahi kewar aiki da ke nake yi."

Can sai ya ji ƙarar sandarta ta faɗi a ciyawa. Ta matso tana dafa gungumen har ta zo bayansa, ta sa tafin hannunta na hagu a gwiwar hannunsa.

"Ja."

Ya ja. Ta tura gwiwar a hankali, zarton ya koma.

"Ke fa kika koya mini ba a turawa."

"Na canza doka. Ja, malam, surutu ya yi maka yawa."

Haka suka yi ta yi, yana ja tana mayarwa, garin itace yana zuba a kan takalmansu. Ba su yi sauri ba, sun huta ya fi a ƙirga, amma gungumen ya yi ƙara ya rabu. Dogo ya auna faɗin da zai ishe ta wucewa da sandarta, ya ɗora zarto zai yi yanka na biyu.

"Matsa gaba," in ji ta.

"Wannan ai ya ishe ki."

"Ni kaɗai aka ce maka zan wuce? Ƙara faɗi."

Ya matsar da zarton. Hannunta yana nan a gwiwar hannunsa, kuma ko da suka ture guntun gefe suka nufi rafi, ba ta ɗauke shi ba.