Ranar da Aka Sa Malam Yamusa Ya Rufe Ido

Elvis ne ya kayar da Malam Yamusa. Ba santsi ba ne, ba kuma tsufa ba. Hasana tana wurin, taku uku tsakaninta da mijinta, kuma ko gaban alƙali aka kai ta haka za ta faɗa.

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam a gonar doyarsa a Yangoji. Ƙafar hagu ta ɗan dawo, amma wani abin ya zauna wanda ya fi ba Hasana tsoro. In aka zaunar da shi sai ya yi ta karkacewa hagu kamar buhun da aka jingine babu kula. In ta tallabe shi ta miƙar, sai ya ƙwalla ihu, "Za ki yar da ni, Hasana!" A karkace yake jin daidai, a miƙe yake jin zai faɗi.

Likita Hafsah, mai gashin ƙashi a asibitin da suke zuwa duk Talata a cikin Abuja, ita ta gano bakin abin. Ta tsayar da shi gaban dogon madubi, ta manna jan salatif daga sama har ƙasa.

"Baba, jikinka ƙarya yake maka yanzu, idonka ne mai gaskiya. Ɗora hancinka a kan jan layin nan." Ta juyo wajen Hasana. "Mama, in dai yana tsaye, kada ya rufe ido. Ko atishawa zai yi, ki fara riƙe shi."

Hasana ta riƙe maganar kamar Fatiha. Ta ja layi da gawayi a bangon ɗaki. Wankin fuska ma sai ta zaunar da shi. Da haka Malam ya kai yana tsayuwar minti biyu ba mai tare shi.

Yau da suka zo aka ce Likita Hafsah ta tafi hutun haihuwa. Aka haɗa su da wani sabon ma'aikaci, Elvis, mai farar riga da ƙamshin turare, fayil ɗin Malam a hammatarsa ko buɗewa bai yi ba. Ya kai Malam nesa da madubi, ya tsayar da shi a kan wani soso mai lotsewa, bai ɗaura masa bel ɗin da ake riƙe shi da shi ba.

"Baba, rufe ido. Zan ƙirga talatin."

"Kai ɗan nan, ba ya rufe ido! Likita ta hana!"

"Mama, ki zauna. Wannan gwajin kowa ana yi masa."

"Buɗe takardar da ke hammatarka ka duba mana!"

Ya yi dariya. "Mama ta zama likita. To Baba, ba ni minti ɗaya."

Malam mutum ne da ba ya musu da mai farar riga. Ya dubi Hasana sau ɗaya, ya rufe ido.

A hankali ya fara karkacewa. Kafaɗa ta yi hagu, kai ya bi ta, fuskarsa kuwa a natse, don shi a ransa tsaye yake ƙyam. Elvis idonsa na kan agogon waya. Hasana ta zabura, gwiwoyinta na shekara sittin da biyar suka ƙi sauri, yatsunta suka shafi gefen rigarsa kawai. Kansa ya bugi ƙafar gadon ƙarfe. Har yanzu ƙarar tana kunnenta.

Ya yi amai sau biyu kafin a kawo gadon turawa. Wata nas ta tambaya ko yana shan maganin tsinka jini. Da Hasana ta ce kullum safe, sai nas ɗin ta dubi 'yar'uwarta, suka ƙara sauri. Malam ya ƙanƙame ƙarfen gadon da hannunsa mai lafiya yana cewa, "Ku riƙe gadon, yana kifewa!" Ya dubi Hasana, ya ce, "Baiwar Allah, ina matata?" Aka shige da shi ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, aka rufe ƙofa.

Tana tsaye a bakin ƙofar tana innalillahi, shugaban sashen, Malam Abdulƙadir, ya iso da takarda da kwalin tawada. Elvis na bayansa, dariyar ta tafi.

"Sannu Mama, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan dangwala mana a nan, ƙa'ida ce kawai."

"Karanta mini."

Ya yi gyaran murya. "An ce mara lafiya ya zame yayin motsa jiki."

Hasana ta cusa babban yatsanta cikin ƙullin zani. Ta ɗaga murya har masu jiran layi suka juyo.

"Zamewa? Da hankalinsa na kawo shi, ya gaishe da mai gadi, yanzu bai san fuskata ba! Ban yi boko ba, amma kunnena ya ji abin da likita ta ce, bakina kuma ya maimaita wa wannan yaron sau biyu."

"Mama, yi haƙuri, mu je ofis mu yi magana."

"Ba inda za ni, mijina na bayan ƙofar nan. Karɓi fayil ɗin daga hannunsa. Buɗe shi nan a gaban jama'a, ka karanta abin da Likita Hafsah ta rubuta, da ƙarfi, kowa ya ji. In ka gama, ka dube ni ka faɗa mini wa ya damƙa masa mijina bai karanta ba, kuma waye a cikinku zai tsaya ya amsa wannan!"