Ranar da Rahamatu Ta Sauke Jere

Kofur Sale ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, barci ne kawai bai biyo shi gida ba. Tun da motar soja ta sauke shi a Keffi ba wanda ya ga ya kwanta a kan gado. A zaure yake wuni, bayansa manne da bango, idanunsa ja wur a kan ƙofa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Daga ƙarshe yayansa Lawal ya yanke magana: bayan Juma'a za a kai shi ƙauye wajen mai maganin taɓin hankali, inda ake sa mutum a mari.

Abin da ya fi ƙona wa Rahamatu, matar Sale, rai shi ne ɗakinta. Duk Angwan Iya ba mai jere irin nata. Shekarun da ya yi a fagen daga, ita ta yi su ne a gaban kaskon ƙosai, tana ƙara kaya don in ya dawo ya ga ba zama ta yi ba. Kwalla da langa da tasoshi sun hau bango har kusa da rufi, kowanne na ɗaukar ido. Ga kabad mai madubi, ga gadon ƙarfe mai rumfa an girke shi saitin ƙofa don mai shigowa ya fara cin karo da shi. Ranar da Sale ya shiga, ya waiga dama, ya waiga hagu, gumi ya keto masa, ya fita da baya.

Ranar Laraba da hantsi maƙwabciyarsu Dokas, tela 'yar Agwada da ake kira Maman Susana, ta kawo ɗinki ta tarar da Rahamatu tana kuka. Dokas guntuwar mace ce, magana kamar ana sayar mata da ita, amma in ta kalli abu sai ta gan shi. Ta yi shekaru tana aikin gida a Kaduna wajen wata 'yar ƙasar Sin, matar wani babba a masaƙa. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta nemi izinin hawa gadon. Ta kwanta daidai inda maigida zai kwanta.

"Rahamatu, ɗaga hannunki."

Ta ɗaga. A madubi hannu ya tashi, a jikin kowace tasa ma haka.

"Ke kaɗai kika motsa, amma ɗakin gaba ɗaya ya motsa," in ji Dokas. "Mutumin da ya kwana a daji yana sauraron motsin ganye, kin kawo shi inda ko juyi ya yi sai bango ya taso masa. Ga ƙofa ta nufo shi, ga taga a bayan kansa."

"Don shi fa na yi, Maman Susana."

"Na sani. Uwar ɗakina tana da wani ilimi na ƙasarsu, iska da ruwa suke ce masa. Ta ce ɗakin kwana ba na baƙo ba ne, na mai barci ne. Kan gado ya jingina da bango. Mai kwance ya ga ƙofa, amma kada ya kwanta a kan hanyarta. Kada madubi ya kalli gado. Ƙarƙashi kuma a bar wa iska ta wuce."

Rahamatu ta dubi jerenta. Kowa ya sani, mace ba ta fito da kayan ɗakinta tsakar gida da rana tsaka sai in aure ya mutu. Kafin azahar magana za ta kai Tudun Ƙofa, gidan iyayenta. Ta share hawaye, ta gyara ɗaurin zani, ta taka kujera ta fara sauke tasa ta sama.

Ƙarar kwanoni ce ta fito da Goggo Hajo, mahaifiyar Sale, tana dogara sanda.

"Wannan kuma wane irin tsafi ne?"

"Ba tsafi, Goggo," in ji Dokas. "Ba abin da zan binne. Gado kawai zan ja."

"To, ƙafarsa dai kada ta miƙe gabas."

"Nuna mini gabas ɗin, Goggo, mu bi."

Shi ke nan, tsohuwa ta samu aiki. Da sandarta ta riƙa nuni, tana faɗa, sai ka ce ita ta yi zaman Kaduna. Aka kwance rumfa, aka ja gadon kusurwa, kansa ya jingina da bangon gabas. Aka fito da akwatunan ƙarƙashi, kabad ya koma rumfar tsakar gida. Dokas ta share ɗakin a tsanake, ta shimfiɗa zanen gado fari, ta sauya labule mai ƙyalli da wani shuɗi mai kauri. A bango ba ta bar komai ba sai ƙore biyu masu zane. Ta sake kwanciya ta gwada, ta tashi ta matsar da gadon kaɗan, sannan ta gamsu. Aiki ne mai kyau, wallahi, ko mai lafiya ya leƙa sai ya ji hamma.

A waje kuwa matan unguwa sun fara shigowa, kowace da fuskar jaje. "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Rahamatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta wuce zaure ta durƙusa.

"Maigida, ƙafar gadon ce take rawa. Ko za ka duba mana?"

Ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙe. A bakin ɗaki ya tsaya, ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba abin da ya motsa. Ya shiga ya girgiza gadon, ya zauna don ya ji inda yake rawar, bayansa ya samu bango. Dokas ta yi wa matan alama da hannu suka ja baya. Rahamatu ta zauna gefen ƙofa inda zai riƙa ganinta, ta ɗauki faranti tana tsintar shinkafa.

Ana kiran la'asar Lawal ya faɗo gidan, ya ji a kasuwa an kwashe kayan Rahamatu.

"Goggo, me nake ji? Ina shi yake? Ya fito mu tafi masallaci, in ya so..."

Sandar Goggo ta tare masa ƙirji. Sai ya ji abin da duk tsakar gidan ke saurare: minshari, mai nauyi, yana fitowa daga bayan shuɗin labule.

Goggo Hajo, wadda ba a taɓa jinkirta salla a gabanta ba, ta yi ƙasa da murya.

"Wanda ya tashe shi, ni da shi ne. In ya farka ya rama."

Lawal ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya riƙe su a hannu, ya bi ta tsakanin kwanonin a hankali don kada ya taɓa ko ɗaya.