Sauron Beljiyam

Bayan addininsa, abu biyu Malam Haladu mai taya ya riƙe da hannu bibbiyu: sanyin Jos da kayan Beljiyam. Beljiyam kuwa a bakin mutanen garin nan shi ne duk abin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka lodo shi a jirgin ruwa, ko daga wace ƙasa ya taso. In an ce abu Beljiyam ne, an gama yabonsa ke nan. Irin waɗannan tayoyin yake sayarwa a Titin Bauchi, kuma da yake shagon ƙarami ne, sauran yakan jibge su a bayan gidansa a unguwar Dilimi, sun yi tsiri har sun fi katanga tsayi.

Maganar sanyi kuwa gado ce. Kakansa haƙar kuza ta kawo shi, kuma tun daga kansa gidan suke alfahari da cewa Jos ba garin sauro ba ne. Malam Haladu yakan ce sauro in ya taso daga Akwanga, da ya iso tudun Hawan Kibo a hanyar Jos mura ke kama shi ya juya. Shekarun nan da garin ya ɗumama, kowa ya ajiye rigar sanyi ban da shi. Da la'asar za ka gan shi cikin suwaita mai ruwan toka, gumi na bin wuyansa, yana ce wa masu wucewa yau kam akwai ɗan sanyi-sanyi.

Da damina ta kankama sai wani sauro ya bayyana a unguwar, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu kamar ya sa safa. Bai san a jira dare ba. Da hantsi yake cizo, mutum na tsaka da shan koko, don haka gidan sauro bai yi wa kowa amfani ba. Yara suka fara kwanciya da zazzaɓi. Unguwa ta kafa kwamitin tsafta, aka ba Malam Haladu shugabanci saboda shi ya fi kowa jin haushin abin. Tun daga ranar ba a ƙara kiransa da sunansa ba, sai Ciyaman, kuma a rayuwarsa ba a taɓa ba shi abin da ya kai wannan daɗi ba. Da hannunsa ya rubuta dokar farko: duk gidan da aka samu sauron nan na fitowa daga ciki, Ciyaman zai karanta sunan mai gidan a ƙofar masallaci bayan Juma'a, in kuma ɗan kwamiti ne, ya sauka.

Da farko Ciyaman ya ce direbobin garin Lafiya ne ke kawo sauron a ƙarƙashin kujeru. Kwamiti ya je tashar mota ta Terminus da fanfon feshi, direbobi suka yi musu dariya har ɗaya ya tambaya ko sauron ya biya kuɗin kujera. Daga nan zargi ya koma kan shanun Hammawa, dattijon da ke kiwo a ƙarshen layi. Hammawa ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Ciyaman, shekara arba'in shanun nan suna nan. Sai bana suka koyi haihuwar sauro?"

Gidaje goma sha bakwai aka duba. Gidan Ciyaman ba ya cikin jerin, don shi ya rubuta jerin.

Ranar Laraba matarsa Rabi ta kwanta. Ta ce bayan idanunta na ciwo, ƙasusuwanta kamar ana karya su ɗaya bayan ɗaya. A ɗan asibitin unguwa ma'aikaciyar jinya Sista Felicitas ta gwada jini ta ce ba maleriya ba ce, tana zargin wani zazzaɓi ne da ake kira dengi, wanda sauron rana ke kawowa. Ta ce a yi ta ba ta ruwa, a dawo da ita da gaggawa in an ga jini a hanci ko dasashi. Sannan ta tambaya ko akwai inda ruwan sama ke kwanciya kusa da gidan. Malam Haladu ya gyara suwaita ya sanar da ita cewa da shugaban kwamitin tsafta take magana.

Washegari da safe 'yarsa Ummusalma, wadda ke karatun ilimin halittu a jami'a, ta ajiye masa kofin gilashi kusa da shayinsa. Ruwa ne a ciki, wasu 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil.

"Baba, daga cikin tayarka na ɗebo. Ta uku daga ƙasa."

Ya ce ai ruwan Jos ne, ba abin da zai rayu a cikinsa. Ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali, idonta a ƙasa. Irin wannan sauron a jikin taya yake manna ƙwansa, can ƙasar da aka lodo ta. Ƙwan yakan bushe ya yi watanni bai mutu ba, ya haye teku a kwantena, ya hau tirela, sai ruwan sama ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Da can sanyi ba ya barinsa ya yi ƙarfi a nan. Yanzu sanyin ya ja baya.

"Wato ba ta Hawan Kibo ya biyo da ƙafarsa ba," in ji Malam Haladu.

"Ta nan ya biyo, Baba. A mota. Kai ka yi masa oda."

Ya daɗe yana kallon kofin. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya zubar da ruwan a kwata, ya ce wa yarinyar karatu ya yi mata yawa. Ba wanda zai sani, tun da jerin a aljihunsa yake. Sai ya ji Rabi a ɗaki tana nishi, tana kiran a ƙara mata mayafi. Ya tuna a bayan tagarta tayoyin suke.

Ranar Juma'a bayan sallama ya miƙe a ƙofar masallaci, ya buɗe takarda, ya karanta suna guda da murya irin ta mai sanarwar rasuwa: Haladu mai taya. Ya maimaita bayanin 'yarsa iyakar abin da ya riƙe, ya tsaya yana jiran zagi.

Sai Uzairu tela ya gyaɗa kai ya ce, "Au, Beljiyam ne? To shi ya sa. Na ce wannan ba na gida ba ne. Dubi ɗinkin ƙafarsa."

Wani ya ce shi ya sa maganin feshi ba ya kama shi, kayan waje akwai ƙarko. Wani ya ce na gida sai dare yake fita aiki, wannan kuwa tun bakwai na safe, tarbiyyar Turawa. Kafin a watse har an sami mai cewa Kano ma ba su da irinsa. Malam Haladu ya ji wani abu mai kama da alfahari ya fara taso masa, amma Hammawa ya tunatar da jama'a rabin dokar na biyu, kuma nan take aka ba Hammawan kujerar.

Umarnin sabon Ciyaman na farko shi ne a zazzage ruwan kowace taya, a goge cikinta, a rufe da tamfol. Taya ɗari biyu da ɗoriya, Malam Haladu da Ummusalma suka yi ta mirginawa har la'asar. A ta sittin ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya tuɓe suwaitar. Ya shiga ɗaki ya lulluɓa wa Rabi, wadda har lokacin take rawar ɗari. A duk Dilimi ranar ita kaɗai ke jin sanyin Jos.